Kajin Mairuwa Sun Taka Ƙasa

Mairuwa,
14 ga Satumba.

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, gaisuwa ta ɗiya mai kewar uwarta. Yaya ƙafar taki? Yaya damina, yaya kuma zaman Pauwa a wannan hali da ake ciki? Mu nan lafiya lau. Baban Nasara yana gaishe ki, jikarki Nasara kuwa ta fara tafiya, ba abin da ta bari a ɗaki.

Tun da aka rufe layukan waya ban ji muryarki ba, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Malam Auwal, direban da ke kai ƙwai Ƙanƙara ranar kasuwa, ya ce zai riƙa ba 'yan garinmu su kawo maki. Na gode Allah da karatun da kika koya a Zumuntar Mata, ba sai wani ya karanta maki cikina ba.

Kin sha tambayata yadda aikin gidan gonar Alhaji Gide yake, ina ce maki kiwon kaji ne kawai. Inna, ba irin kiwon da kika sani ba ne. Kaji dubu huɗu ne a dogayen rumfuna uku, cikin kejin waya, hawa bisa hawa. Kaza huɗu a keji ɗaya, kuma faɗinsa bai fi tabarmar jariri ba. Ba mai iya buɗe fiffike. Ba wadda ta taɓa taka ƙasa tun da aka kawo ta. Wuyansu duk ya sale saboda zura kai tsakanin wayoyi, faratansu sun yi zaƙo-zaƙo sun lanƙwashe. Ƙwai yana gangarowa ta waya, mu mata goma sha takwas mu bi layi muna tsincewa. Shekara uku ke nan ina wannan aiki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yawancin ƙwanmu kamfani ɗaya ke ɗauka, masu gidajen abincin nan na zamani a Kaduna da Zariya, inda ake shiga a sayi burodi da ƙwai ko soyayyar kaza a fito nan take. To, sun aiko da takarda, wai daga sabuwar shekara ba za su ƙara karɓar ƙwan kazar da ke cikin keji ba. Masu cin abincinsu da wasu masu kula da haƙƙin dabbobi ne suka matsa masu. Za su turo mai dubawa.

Alhaji yana Kano ana yi mashi aikin ido, ya bar komai a hannun ɗan ƙanensa, Malam Jabiru manaja. Shi kuwa da ya tara mu ya karanta takardar, dariya ya yi, ya ce ashe mun kai zamanin da kaza ma za a ba ta 'yanci. Mu ba mu yi dariya ba. In kamfanin nan ya juya baya, gonar rufewa za ta yi, kowa ta koma gida.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Baba Barau da duk mutanen gida.

Ni ce ɗiyarki,
Tabita.


Mairuwa,
10 ga Oktoba.

Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na ga amsarki, na ga kuka da daddawa, Allah ya ƙara girma. Na ji daɗi da kika ce ƙafa ta yi sauƙi har kin je coci da kanki.

Inna, an ba ni kaji! Malam Jabiru ya sa an share tsohon siton masara da ke bakin ƙofa, an zuba buntun shinkafa a ƙasa, aka ciro kaji ɗari biyu daga keji aka ce ni zan kula da su, wai tunda 'yar ƙauye ce ni, na san kajin gida.

Da kin ga ranar farko da kin yi hawaye. Muna ajiye su suka tsaya kamar an dasa su. Wata ta ɗaga ƙafa ta rasa inda za ta sa. Wasu suka kife a kan ƙirji, ƙafafun ba ƙarfi. Da tsoro ya kama su sai duk suka taru a kusurwa ɗaya, wannan kan wannan, da safe na tarar uku sun mutu a ƙarƙashi. Na zauna cikin buntu na yi kuka kamar an yi mani rashi.

Sai na bi abin da kika ce a takardarki. Na zuba toka da rairayi a tsohon baho, na saro rassan bedi na gicciya su ƙasa-ƙasa don su samu wurin hawa. Kwana huɗu ba wadda ta kula. Ran na biyar wata ja mai saɓaɓɓen wuya ta shiga bahon, ta yi tono sau biyu, ta kwanta ta gefe, ta fara birgima tana watsa toka sama. Sauran suka miƙe wuya suna kallonta. Kafin la'asar rububin shiga ake yi. Ƙawata Zulfa, wadda muke tsintar ƙwai layi ɗaya, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce wa ya koya masu? Ba wanda ya koya masu, Inna. Ashe abin yana jikinsu duk tsawon lokacin nan, wurin yi ne babu.

Amma murnata ba ta yi nisa ba. Malam Jabiru ya ɗauki Baban Nasara aikin walda, ya kafa dogon shingen kwano da ya ɓoye manyan rumfunan uku. Jiya ya kira ni ofis ya ce in mai dubawa ya zo, sitona kawai za a nuna mashi. In an tambaye ni, in ce abin da ke bayan kwano gonar wani ce, sauran kajinmu suna can wata gona a Faskari, su ma a ƙasa suke. Ba mu da wata gona a Faskari. Kajina na ado ne, an ajiye su don rufe ido.

Na yi wa Baban Nasara magana, ya ce shi ƙarfe aka ba shi ya haɗa, ba a ba shi shari'a ba. Mun ɗan saɓa, amma kada ki damu. Ni dai ban san abin da bakina zai faɗa ran nan ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Tabita.


Mairuwa,
3 ga Nuwamba.

Inna,

Ina fata kina lafiya. Mu ma jiki lafiya. Ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa, an kore ni daga aiki.

Mai dubawar ta zo ranar Litinin. Mace ce, likitar dabbobi, ana ce mata Dakta Fatima Zahra'u, ba ta ma kai ni shekaru ba. Ta sa takalmin roba ta shigo sitona, ta durƙusa cikin buntu ba ƙyama, ta kama kaza ta buɗa fiffikenta, ta daɗe tana duba tafin ƙafarta inda sawun waya bai gama ɓacewa ba. Ta yaba da toka da rassan bedi. Sannan ta roƙi Malam Jabiru ya ɗauko mata takardar allurar rigakafi a ofis.

Yana fita ta dube ni ta ce, "Yayata, kaza ɗari biyu ba ta cika mota da ƙwai. Ina sauran?"

Na sunkuyar da kai. Na tuna mata goma sha bakwai da ke bayan kwanon nan suna aiki shiru, an ce kada a ji motsinsu. Na tuna wadda mijinta ya rasu a harin 'yan bindiga na bara, da wannan aiki take riƙe da 'ya'ya biyar. Daktar ba ta matsa mani ba, ta tsaya tana jira. Ni kuma sai na ji ba zan iya tsayawa a tsakiyar waɗannan ɗari biyu in yi ƙarya a kan sauran ba. Na ce, "Suna bayan wancan kwano, cikin keji."

Ta gode mani, ta fita ta nufi shingen. Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Kamfani ya tsayar da ɗaukar ƙwai tun daga ranar, saboda yaudarar da aka so yi masu. Sun ce in an fitar da kaji daga keji da gaske kafin ƙarshen Fabrairu, za su dawo su duba. Malam Jabiru ya tara ma'aikata ya kore ni a gabansu, ya ce na sha fura na fasa ƙwarya.

Yanzu ƙwai ya taru a sito, ana ta yawo da shi kasuwanni, rabi yana fashewa a hanya. An sallami mata shida. In na je famfo ɗibar ruwa sai hira ta mutu. Blessing, abokiyar aikina wadda muke waƙa tare a coci, ta kawar da kai da na gaishe ta. Zulfa kaɗai ke shigowa gidana, ita ma ta ce mani, "Gaskiya kika faɗa, Tabita, amma gaskiya ba ta ɗora tukunya."

Bayan kwana biyu da korata, Baban Nasara yana cin tuwo ya ajiye lomar hannunsa, ya ce da ya sani da bai kafa shingen nan ba. Wannan kalma ta riƙe ni.

Inna, ki faɗa mani gaskiya, na yi daidai? Kuma wa ke zuba wa kajina toka yanzu?

Ɗiyarki,
Tabita.


Mairuwa,
27 ga Nuwamba.

Zuwa ga Innata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aikin kaka, an gama yankan dawa? Na karanta amsarki har takardar ta fara yagewa a ninki. Kin ce wanda ya faɗi gaskiya ya jira, kada ya gudu. Na jira, ga abin da ya faru.

Alhaji Gide ya dawo daga Kano, ido ya buɗe. Ashe Dakta ta rubuta mashi takarda ta musamman. Ranar Alhamis ina wanke-wanke sai ga sallamarsa a ƙofar gidanmu, shi da kansa. Na shimfiɗa mashi tabarma, na durƙusa na gaishe shi. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko abin da kamfanin ke nema mai yiwuwa ne, ko kuwa ya sayar da kajin ya huta.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da shiga rumfa ta uku?" Ya ce tun ranar da aka kafa kejin, shekara shida ke nan. Na roƙe shi mu je tare.

Muna shiga warin kashin ya bugi idon da aka yi wa aiki, hawaye ya zubo mashi, amma bai juya ba. Ya bi layin nan a hankali da sandarsa. A tsakiya ya tsaya gaban wani keji inda kaza ta mutu ba a lura ba, sauran ukun suna tsaye a kanta don ba su da wani wurin sa ƙafa. Ya daɗe a wurin.

Daga nan na kai shi sito. Ashe Zulfa ce ke zuwa da sassafe tana kula mani da kajin ba wanda ya sa ta. Ina buɗe ƙofa suka yo kaina a guje, gashin wuyansu ya tsiro, tukkunsu ya yi ja, wasu suna bisa reshe suna gyaran fiffike. Alhaji ya dubi nan, ya waiwaya wajen rumfunan, ya yi salati. Ya ce dabba amana ce, shi za a tambaya ranar gobe, ba Jabiru ba.

A nan take ya ce a cire shingen kwano, a mayar da matan da aka sallama, kuma ni zan jagoranci fitar da kajin duka. Malam Jabiru kuwa, Alhaji bai kore shi ba, ya ɗora mashi jigilar buntu daga injinan shinkafa na Sabuwa. Kin san halin hanyar Sabuwa yanzu, ba aikin wasa ba ne, sai da rana tsaka kuma cikin ayari.

Wata uku gare mu. Ina neman taimakonki: ki sa Baba Barau ya yi magana da masu ginin tukwane na 'Yargoje, muna son masu faɗin baki guda ɗari uku, irin wadda kazarki ke ƙwai a ciki bayan rumbu. Malam Auwal zai ɗauko.

Ki gaida mutan gida. Nasara tana kiran sunanki, ko da yake "Nna" take cewa.

Ni ce,
Tabita.


Mairuwa,
22 ga Janairu.

Innata,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya. Yaya jiki, yaya su Baba? Na san layi ya dawo, amma ranar da muka yi waya rabin maganar iska ta kwashe, gara in rubuto. Ki yafe mani rashin zuwa Kirsimeti, aiki ne ya sha kaina.

Tukwane sun iso, goma sha ɗaya kawai suka fashe. Mun gama da rumfa ta ɗaya da ta biyu. Kazar da ke ƙasa tana son fili, don haka Alhaji ya ƙara gina rumfuna biyu, kowace da ɗan tsakar gida. Baban Nasara ke yanke kejin, ya miƙe wayar, ya mayar da ita shinge da rufin sama saboda shaho. Ba ya ko tsayawa cin abincin rana sai na kai mashi.

Amma mun sha wuya. A farkon wata zawo mai jini ya shiga rumfa ta biyu. Kaza ta yi sukuku, ta saki fiffike, gobe a ɗauke ta. Cikin mako ɗaya mun binne fiye da ɗari. Malam Jabiru ya sauke buhun buntu ya tsaya yana kallon ramin, ya ce, "To, ga 'yanci nan." Maganar ta soke ni, don a raina na fara cewa ko ni ce na kashe su. Na kira Dakta ina kuka. Ta ce abin yakan faru ga kazar da ba ta saba da ƙasa ba, ta faɗi maganin da za a sa masu a ruwa, ta ce mu riƙa juya buntu kullum, kada a bar danshi kusa da mazubin ruwa. Cikin kwana biyar mutuwa ta tsaya.

Sai kuma rigimar ƙwai. Sababbin ba su san tukunya ba, ko'ina suke saki, ya ɓaci ko a taka shi. Na yi yadda kika ce, na jera tukwanen a gefe mai duhu, na sa dafaffen ƙwai ɗaya a kowace, na yi mashi alama da gawayi. Ya taimaka, amma bai isa ba. Zulfa ce ta kawo dabara, ta ce mu rarraba tsofaffin kajina na sito cikin sababbin. Inna, kamar an kawo malamai makaranta! Tsohuwa ta shiga tukunya ta fito tana kyarkyara, sababbi su bi sahu. Yanzu ƙwai tara cikin goma a tukunya muke ɗauka.

Makon jiya ina fama da buhu a ka, sai na ji an ɗage mani shi ta baya. Blessing ce. Ta kai shi rumfa, ta dawo ta ɗauki na biyu. Ran Lahadi kusa da ni ta zauna a coci.

Saura rumfa ta uku, saura mako biyar.

Taki har kullum,
Tabita.


Mairuwa,
8 ga Maris.

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa cikin farin ciki da godiya ga Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Baba Barau da dukan gida. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, don na san za ki tashi da rawa, ƙafar kuma ba ta gama warkewa ba.

Ran ashirin da huɗu ga Fabrairu muka fitar da keji na ƙarshe. Alhaji ya ce ni zan ciro kazar ƙarshe. Na sa hannu na ɗauko ta, ba nauyi kamar ƙunshin auduga, na ajiye ta a kan buntu. Zulfa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka, har masu wucewa a titin Funtuwa suka tsaya suna tambaya ko biki ake.

Bayan kwana biyu Dakta ta iso ba sanarwa, tare da maza biyu daga kamfani. Ba inda ba su leƙa ba, har ɗakin janareta. Sun auna fili, sun duba ruwa, sun duba ƙafafun kaji. Da suka gama ta zauna a kan buhun dusa ta sa hannu a takarda, ta miƙa wa Alhaji, ta ce cikin duk gonakin da suke hulɗa da su a wannan yanki, tamu ce ta farko da ta cika sharaɗi. Washegari motar ƙwai ta tashi zuwa Kaduna. Ba wadda ta rasa aikinta, har an ƙara ɗaukar mata huɗu, don kiwon ƙasa ya fi cin hannu.

Wasu masu gonaki biyu, ɗaya a Sabuwa ɗaya a cikin garin Faskari, sun roƙi Alhaji ya ba su aron ni in nuna masu yadda ake yi. Ran Litinin za mu fara da Sabuwa. Malam Jabiru ne zai kai ni, shi ya nemi hakan da kansa, ya ce ya san hanyar. Da ya zo faɗa mani, "Malama Tabita" ya kira ni, yana kallon takalminsa.

Ranar Asabar da ta wuce kamfani ya gayyace mu, ni da Zulfa, muka bi Malam Auwal har Kaduna. Inna, gidan abincin duk gilashi ne, sanyi kamar cikin randa. A bango sun rubuta cewa ƙwansu na kajin da ba a tsare a keji ba ne, ga sunan Mairuwa a ƙasa. Zulfa ta sa na karanta mata sau biyu. Aka zaunar da mu, aka kawo mana burodi da soyayyen ƙwai a ciki, naɗe cikin takarda.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maki ba. Tun makon da na fara aiki a gonar nan ban ƙara cin ƙwai ba. Nakan soya wa Baban Nasara, in ce ni ba ya yi mani daɗi ne. Ba haka ba ne. In na kai shi baki sai in ga wuyan nan da ya sale, in kasa haɗiyewa. Shekara uku da rabi.

Ranar Asabar na buɗe takardar, na yi addu'a, na ci. Na cinye tas, har na tsince ɓarɓashin. Gishirinsu ya yi kaɗan, kuma ba su san a sa albasa ba, naki ya fi nesa ba kusa ba. Amma ya wuce, Inna. Ya wuce lafiya lau.

Ina nan zuwa Ista, ni da Nasara da babanta. Ki tanadi albasa, ni zan zo da ƙwai.

Ki gaishe mani da matan Zumunta, ki ce addu'arsu ta karɓu.

Ni ce ɗiyarki mai ƙaunarki,
Tabita.